Targaɗen idon sawu: kurakuran da ke raba ɗan ƙwallon unguwa da fili

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon yamma a filin firamare ya san wannan abin. An ɗago ƙwallo sama, mutum biyu sun tashi, ɗaya ya sauko a kan ƙafar ɗan'uwansa, tafin ƙafarsa ya lanƙwashe ciki. Kafin ya gama birgima an kewaye shi. Wani ya danne ƙwaurin, wani ya kama dunduniyar ya fizga, ana jira a ji “ƙas”. Sai a ce masa, “Tashi ka taka mu gani.” Ya taka yana cije leɓe, a ce ai ta koma, a ci gaba da wasa.

Na daɗe a bakin filayen nan, na buga a lokacina, yanzu kuma ina kallon na baya. Yaran da na ga idon sawu ya raba su da ƙwallo, yawancinsu targaɗen farko da suka yi mai warkewa ne. Abin da aka yi wa ƙafar daga mintin farko zuwa wata na uku shi ya lalata ta.

Mu fara da jan ƙafar nan, don shi ya fi ci mini rai. A idon sawu ƙasusuwa uku ne suka haɗu: biyu na ƙwauri, da ɗaya da ke zaune a kan ƙashin dunduniya. Abin da ya ɗaure su wasu jijiyoyi ne masu ƙarfi kamar tsirkiya. Mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, har da ta jini, amma waɗannan aikinsu ɗaure ƙashi da ƙashi ne kawai. Guda uku suna gefen waje, kuma su ne suka fi shan wahala, domin yawancin targaɗe tafin ƙafa ne ke juyawa ciki, nauyin jiki duka ya faɗa a kansu. Wata ta miƙe fiye da ƙima, wata ta yage rabi, wata ta tsinke gaba ɗaya. To ka ga babu wani ƙashi da ya fita da za a mayar. Igiyar gugan da ta fara tsinkewa, in ka ƙara fizgarta, ƙarasa ta ka yi. Idan kuwa da gaske ƙashi ya goce har ƙafar ta karkace, wannan aikin asibiti ne, ba na abokan wasa ba. Abin yi a fili kaɗan ne: a fitar da shi daga wasan, a cire takalmin kafin kumburi ya hana, a ɗaga ƙafar. Kada ya koma, ko da ya rantse ya daina jin zafi. Jikin da ya ɗau ɗumi yakan ɓoye ciwo, sai dare ya yi gaskiyar ta fito.

A gida kuma wani kuskuren ke jiransa, kuma da ƙauna ake yinsa. Inna ta dafa ruwan zafi ta gasa ƙafar da tsumma, a kawo man zafi a murza har yaro ya yi ihu, wai don jinin ya watse. A kwana biyu zuwa uku na farko ƙananan hanyoyin jini a buɗe suke a wurin, zafi da murza ƙara buɗe su suke yi, shi ya sa da safe za ka ga ƙafa kamar tulu. Gashi yana da ranarsa, amma sai kumburin ya fara saɓewa. Na farkon nan sanyi ake so: ƙanƙara a cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku. Kada a ɗora ta tsirara a kan fata. In babu wuta, ledar ruwa mai ƙanƙara daga shagon bakin layi ta wadatar, in ita ma babu, a jiƙa tawul da ruwan randa. Kada dai a ɗauki ƙanƙarar a matsayin magani. Likitan Amurkan da ya yayata tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, Gabe Mirkin, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawan ƙanƙara na iya jinkirta warkewa. Zafi take ragewa kawai. Ɗaga ƙafar sama da ƙirji in an kwanta, da naɗa bandeji daga gindin yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri ba tare da matsewa ba, sun fi ta aiki a kan kumburi. Mai ciwon suga ya yi hattara da zafin da sanyin duka, don ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba.

Targaɗe ne ko karaya?

Za ka ji ana cewa, “Tunda yana motsa yatsunsa ai ba karaya ba ce.” Wannan magana ba ta da tushe. Mutum yana iya motsa yatsu, har ya ɗingisa, alhali ƙashi ya tsage. Likitoci suna da wata ƙa'ida da aka fitar a birnin Ottawa na Kanada a 1992, don sanin wanda ke buƙatar hoton ƙashi, kuma kowane koci ya kamata ya haddace ta. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi ne, a je hoto. Idan an danna kan ƙashin idon sawun, na ciki ko na waje, musamman bakinsa na baya da kamar tsawon yatsa zuwa sama, ya zabura, a je hoto. Haka in zafin yana kan ƙashin nan da ya ɗan turo a tsakiyar gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa, ko wanda ke gefen ciki a saman lanƙwasar tafin ƙafa. Yaron da bai gama girma ba a ƙara yi masa taka-tsantsan, domin bakin ƙashinsa bai gama ƙwari ba, sau da yawa shi ke tsagewa kafin jijiya ta tsinke. Wanda kuma ya ji kamar an hamɓare shi a agara ta baya, ya waiwaya bai ga kowa ba, wannan ba targaɗe ba ne, mai yiwuwa agarar ce ta tsinke, kuma jinkiri yana ɓata aikinta.

Nan ne maganar mai ɗori take shigowa, kuma ba zan raina sana'ar da aka gada kaka da kakanni ba. Suna kusa da mutane, kuɗinsu da sauƙi, kuma yanzu akwai masu cewa sai an kawo musu hoto kafin su taɓa ƙafa, wanda na yaba da shi. Amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Babban haɗarin shi ne ɗaurin karare mai tsauri a kan ƙafar da ba ta gama kumbura ba. Kumburin na ƙaruwa, ɗaurin ba ya saki, jini ya kasa wucewa. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna kokawa da masu zuwa a makare da ƙafar da ta riga ta mutu, sai dai a yanke. In yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka mace, ko zafin ya ƙi lafawa sai ma ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti, ko da an ce ba a kwancewa sai ranar kaza. Wanda ke kusa da Kano yana da Asibitin Ƙashi na Dala, kuma manyan asibitocin jihohi suna ɗaukar hoto.

Sai ƙwayoyi. Farasitamol ya isa ga yawancin targaɗe. Su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ba ne, kuma ba a haɗa biyu a sha tare kamar yadda wasu masu kemis ke ƙullawa a leda. Wanda ya fi muni shi ne shan tramadol ko yin allura don a samu a buga wasan ƙarshe na kofin unguwa. Zafin nan shi ne mai gadin ƙafar. Hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta tramadol a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Akwai kuma wanda tsoro ya kwantar da shi wata guda, bai taka ba, bai motsa ba. Shi ma ya cuci ƙafarsa: gaɓar ta sandare, naman ƙwauri ya zube. In an tabbatar ba karaya, bayan kwana biyu ko uku a fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari, da sanda in ta kama. Kana zaune ka riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa. Ka saƙala tawul a tafin ƙafa ka jawo a hankali. Daga baya ka dafa bango kana ɗagawa a kan yatsu kana sauka. Zaman tahiya zai yi wuya a makonnin farko don yana miƙe daidai jijiyar da ta ji ciwo, kuma addini ya yi sauƙi ga marar lafiya, kada ka tilasta mata.

Kuskuren da ya fi kowanne cin 'yan wasa shi ne ɗaukar tafiyar zafi a matsayin warkewa. Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, matsakaici uku zuwa shida, wanda jijiya ta tsinke kuwa watanni. Amma ko jijiyar ta haɗe, akwai abin da ya rage. A cikinta akwai 'yan saƙo da ke gaya wa ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa, ko a kan dutse ko a bakin rami, don nama ya gyara tsayuwa kafin a faɗi. Targaɗe yana rikita wannan saƙon, kuma sai an sake koya wa ƙafar. Shi ya sa kake ganin wanda kullum ƙafa ɗaya ce ke turguɗe masa, har a tafiyar kasuwa, ana cewa ƙafar ta saba. Binciken likitoci ya nuna har kusan kashi 40 cikin 100 na masu targaɗen gefen waje sukan ƙare da irin wannan sakakkiyar ƙafa. Gyaran ba ya cin ko kwabo. Ka tsaya a kan ƙafar kaɗai daƙiƙa 30 kana asuwaki, safe da dare. In ta zauna ka rufe ido. In ta zauna ka hau kan filo, sannan wani ya riƙa jefo maka ƙwallo kana cafewa. Mai hali ya ga masu gashin ƙashi a asibiti su tsara masa. Kafin ka koma fili ka gwada kanka: tsugunno dunduniya a ƙasa kamar yadda ɗaya ƙafar ke yi, tsalle goma a kan ƙafar, gudu da juyawar gaggawa hagu da dama. In ɗaya ya gagara, ko ta kumbura washegari, da saura. In ka koma, ka sa safar ɗaure idon sawu ko ka naɗa filasta na tsawon wata shida zuwa shekara, ka kuma bar takalmi mai dogayen haƙora a busasshen filin rani.

Na san abin da ke tura yaro komawa da wuri: tsoron kada wani ya gaje masa lamba, da kocin da ke cewa “Daure mana, wasa ɗaya ne.” Masu horar da yara, ku ji tsoron Allah a kan wannan kalma. Marco van Basten na Holan ya ci kyautar gwarzon ɗan ƙwallon Turai sau uku, a 1988 da 1989 da 1992. Ciwon idon sawunsa ya faro tun yana Ajax, ya ci gaba da wasa a kansa, aka yi ta yi masa tiyata, kuma wasansa na ƙarshe a AC Milan ya buga shi ne a 1993 yana da shekara 28. Wannan mai manyan likitoci ne a kansa, yaron unguwa kuwa ba shi da kowa sai ku. Kada ku bar shi a ɗaki shi kaɗai yana ƙirga kwanaki. Ku ce ya riƙa zuwa fili da yamma, ya yi atisayen tsayuwarsa a gefen layi yana kallon 'yan'uwansa, ku kuma gaya masa a gaban kowa cewa lambarsa na nan. In mako shida ya wuce ƙafar na kumbura, ko tana sakin sa, ko zafin ya haura sama tsakanin ƙasusuwan ƙwauri, ku haɗa masa kuɗin mota ya je likitan ƙashi ya duba.