Yadda za ka gane ko ƙarancin kalsiyam bayan cire tayirod zai wuce ko ya zo zama

Wanda aka cire masa tayirod (ƙullin nan da ke gaban wuya) gaba ɗaya, ko don maƙoƙo ko don kansa, ya sa ido a kan wasu 'yan ƙananan ƙululai guda 4 da ke maƙale a bayan tayirod ɗin, ana ce musu paratayirod, kowanne tsawonsa kusan milimita 6. Su ke fitar da sinadarin PTH mai riƙe kalsiyam a jini, to in wuƙa ta taɓa jijiyar da ke kai musu jini sai su yi shiru, kalsiyam ya faɗi. Yawanci suna farfaɗowa cikin makonni, wasu kuma shikenan.

Abu na farko, ka roƙi a auna PTH cikin awa 24 da fitowa daga tiyata, kar a tsaya kan kalsiyam kaɗai, don shi kalsiyam ɗin yana iya jan ƙafa har kwana 2 ko 3 kafin ya faɗi alhali PTH cikin mintuna yake ɓacewa daga jini, shi ya sa shi ne mai saurin tona asiri. In ya kai 15 pg/mL ko sama, ka kwantar da hankalinka, da wuya matsalar ta dawwama. In bai kai ba kuma, ba hukunci ba ne fa, kawai dai za a bi ka kusa-kusa.

Ka tambayi likitan da ya yi aikin, paratayirod guda nawa ya gani ya bari a mazauninsu, ya dasa wani cikin tsokar wuya ne, an kwashe kaluluwar wuya? Kuma in sakamakon naman da aka cire ya fito a duba ko an tafi da paratayirod a ciki. Aiki na biyu a wuya ɗaya da cutar Graves (mai sa tayirod yin aiki fiye da kima) duk suna ƙara haɗarin.

A ganina gwajin PTH na wata ɗaya bayan tiyata ya fi kowanne magana. PTH ya fara ɗagowa ko kaɗan ne, akwai rai. Ba a ganin sa kwata-kwata, to a fara shirin doguwar tafiya da kalsiyam da bitamin D, duk da likitoci ba sa cewa ya dawwama sai an wuce wata 6, wasu ma sai wata 12.

Don Allah kar ka ajiye ƙwayoyin da kanka don ka ji garau. In leɓe da yatsu suka fara yi kamar kiyashi na yawo, ko hannu ya ƙanƙame lokacin awon hawan jini, alamar kalsiyam ya faɗi ke nan, asibiti a ranar.