Darasi na 9: Duwatsun Ƙasarmu da Ƙurar Asbesto

An shirya wannan darasi ne domin magina da kafintoci da masu ginan rijiya da masu fasa dutse, da kuma matan da ke wanke musu tufafin aiki. Zai yi bayanin duwatsun ƙasarmu, da kuma asbesto, wani dutse mai zare da ake sawa a allon silin da rufin ɗaki, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. A karanta shi a tsanake. Inda aka ci karo da baƙuwar kalma, malami ya rubuta ta a allo, kowa ya kwafa.

Abin da ke ƙarƙashin Sakkwato

Mai ginan rijiya ya riga kowa sanin cewa ƙasa ba iri ɗaya ba ce. A wurare da dama a birnin Sakkwato da kewaye, jar ƙasa yake fara samu, sai marmara mai cin bakin diga. In ya wuce ta sai laka mai sulɓi, wadda ke ɓarewa falle-falle idan ta bushe. A ƙarƙashinta akwai farin dutse, kuma sau da yawa a nan ne ruwa ke fara tsattsafowa. A wata unguwa marmarar ta fi kauri, a wata babu ita sam. Amma jerin ba ya juyewa, domin ta ƙasa ita ta fara kwanciya kafin ta sama ta zo ta rufe ta.

Masana ilimin duwatsu sun raɗa wa waɗannan shimfiɗu sunayen garuruwanmu, kowace da sunan wurin da ta fi fitowa fili. Mafi tsufa su ne na Gundumi da Illo. Sai na Taloka da Dukamaje da Wurno. Sai na Dange da Kalambaina. Ta Gwandu ce a sama, mai yawan yashi, wadda rijiyoyin burtsatse ke samun ruwa mai yawa a cikinta.

Daga ina farin dutsen nan ya zo? Daga teku. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wata teku marar zurfi ta ratso Sahara ta rufe wannan yanki. Ƙananan halittun ruwa masu ɓawo suka yi ta mutuwa suna taruwa a ƙasanta, har ɓawon ya dunƙule ya zama dutse. Ba sai an yi dogon musu ba. A ɗauki gutsuren dutsen Kalambaina a duba da kyau, sau da yawa za a ga siffar katantanwa ko ƙumba ta zama dutse a ciki. A yankin Goronyo ma an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da kada, wadda masana suka sa wa suna Goronyosaurus a shekarar 1972. Ikon Allah ke nan, inda muke kukan zafi da ƙarancin ruwa a yau, a da kifaye ke iyo.

Wannan dutse shi ya jawo masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta fara aiki a 1967. Shi ne kuma dalilin da ya sa ruwan wasu rijiyoyi ba ya kama sabulu da sauri, yana kuma barin farin ɓawo a gindin tukunyar shayi. A cikin lakar Dange kuwa ana samun jifsam, wanda ake haɗawa a siminti, da dunƙulen fosfet da ake takin zamani da shi.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a aji. A kankare farin dutse da ƙusa har ya yi ɗan gari, a ɗiga masa ruwan lemun tsami. Idan dutsen farar ƙasa ne, za a ga ƙananan kumfa na tasowa. Idan ƙanƙarar dutse ce, ba abin da zai faru, ƙusar ma ba za ta kankare ta ba. Kada a yi amfani da ruwan batir, yana ƙona fata da ido.

Inda ƙasa ta tsage

Idan aka bar Sakkwato aka nufi kudu maso gabas zuwa Zamfara, sai ƙasar ta sauya. Shimfiɗun su ƙare, a fara ganin manyan duwatsu masu tauri. Waɗannan sun girmi na Sakkwato nesa ba kusa ba, shekarunsu sun haura miliyan 500, kuma su ne ke kwance can ƙarƙashin shimfiɗunmu.

A cikin tsofaffin duwatsun nan akwai tsaga. Ku tuna katangar ƙasa da ta dare daga sama har ƙasa, ɓari ɗaya ya ɗan zauna, har layin tubalin wannan gefe ya daina haɗuwa da na wancan. Haka tsagar duwatsu take, sai dai tsawonta kan kai ɗaruruwan kilomita. Ɗaya daga cikin sanannun tsagogin Najeriya ta bi ta Anka ta gangara wajen Yawuri. Idan tsaga ta motsa ne ake jin girgizar ƙasa. Namu ba su cika motsi ba, ko da yake mutanen Mpape a Abuja sun ji ƙasa na rawa a watan Satumba na 2018.

Abin da ya fi shafarmu shi ne tsaga hanya ce. A zamanin da, ruwa mai tsananin zafi ya riƙa biyowa ta cikinta daga can ƙasa, ɗauke da narkakkun ma'adinai, yana ajiye su a jijiyoyin dutse. Zinarin Anka ta haka ya samu. Dalma ma tare suka zo. A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen ya daɗe a wurinsa bai taɓa kowa ba. Sai da aka kawo shi cikin gidaje, aka daka shi a turmi, aka niƙa shi a injin niƙa, ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Asbesto ma a irin waɗannan wurare yake samuwa. Idan ruwan zafi ya ratsa wani baƙin dutse da ya taso daga can cikin ƙasa, sai ya rikiɗe ya zama kore-kore mai santsi a hannu, wanda masana ke kira safantin. Akwai irinsa a bakin tsagar Anka. A cikin ƙananan tsagogin wannan dutse ne fararen zaruruwa kan tsiro, su tsaya daga wannan bango zuwa wancan. Ana iya zare su da farce. Wannan zaren shi ne farin asbesto. Dutse ne sosai, amma yana lanƙwasa, har saƙa shi ake yi.

Iri shida ake lissafawa. Uku aka fi ciniki da su: fari, ruwan ƙasa da shuɗi. Farin shi ne mafi yawa, kusan kashi 95 cikin 100 na wanda duniya ta yi amfani da shi. Rasha da Kazakistan da Sin na cikin manyan masu haƙo shi.

Yadda ya shigo ɗakunanmu

Mai ginan rijiya a Dange ko Wurno ba zai ci karo da asbesto a cikin rami ba, domin shimfiɗun teku ba su ne gidansa ba. Namu a mota aka kawo shi. Wuta ba ta cinsa, ba ya tsatsa, gara ba ta taɓa shi, ga araha. Shi ya sa aka riƙa kwaɓa shi da siminti, kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ana yin allon silin da rufin ɗaki mai tudu da kwari da bututun ruwa. An sa shi a birkin mota ma. A gari mai zafi irin namu mutane sun so shi ƙwarai, domin ɗaki mai irin wannan rufi ya fi na kwano sanyi. Tsofaffin makarantu da ofisoshi da gidajen ma'aikata da yawa har yanzu shi ne a kansu.

Ku dubi bakin tsohon allon silin da ya riga ya karye, ba tare da kun ƙara karya shi ba. Launinsa toka-toka ne, kuma wani lokaci za a ga ɗan gashi-gashi fari ya leƙo daga cikin simintin. Wanda ido ya gani ɗaure ne na zaruruwa masu ɗimbin yawa. Kowane ɗaya yana tsagewa a tsaye ya zama sirara, har ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Ba shi da wari, ba ya sa tari nan take, yana kuma iya yin sa'o'i yana yawo a iskar ɗaki.

Idan aka shaƙe shi, yakan wuce har ƙarshen huhu ya maƙale. Jiki ba ya iya narkar da shi yadda ya kamata. Sai wurin ya yi ta tabo, huhu ya yi tauri, numfashi ya gajarce. Yana kuma jawo ciwon daji na huhu, da wani ciwon daji na tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Babban abin tsoro shi ne jinkirinsa. Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Saurayin da ya yanka silin yana ɗan shekara 20 ba zai ji komai ba sai ya yi furfura, a lokacin kuwa ba wanda zai tuna da wancan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki, kuma ta ce kowane irinsa na jawo ciwon daji, har da farin. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Sababbin alluna da yawa babu shi a ciki, ko da yake a kasuwa sunan bai sauya ba. Ido ba ya iya rarrabewa, sai a ɗakin gwaji. Don haka duk tsohon allo a ɗauke shi a matsayin mai asbesto.

Yadda za a yi aiki da shi

Kada wannan bayani ya sa kowa ya koma gida ya hau ɓalle silin. Wannan shi ne mafi munin abin da za a yi. Allon da ke zaune lafiya, bai fashe ba, bai ruɓe ba, simintin ya riƙe zaren. A bar shi, a shafa masa fenti ba tare da an goge shi da sanfefa ba. Haɗarin yana farawa ne ran da aka sa masa zarto, ko injin yanka, ko aka huda shi don rataya fanka, ko aka jefo shi daga sama ya tarwatse.

Idan cirewa ta zama dole, a fara fitar da yara da mata da abinci da randar ruwa. A kwashe kayan ɗaki, a shimfiɗa leda a ƙasa, a kashe fanka. A jiƙa allon sosai da ruwan da aka ɗan sa wa garin sabulu, domin jiƙaƙƙen zare ba ya tashi. A zare ƙusoshi a hankali, a sauko da shi ɗungurungum, mutum biyu suna tallabe da shi. Kada a taka tsohon rufi, yana karyewa da mutum. A naɗe shi da leda mai kauri ninki biyu, a ɗaure. Ɓarɓashin da ya zuba a kwashe shi da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ma ya bi shi cikin ledar. Tsintsiya ba ta da aiki a nan, tayar da ƙurar kawai take yi.

Rawani ko ƙyallen da muke rufe hanci da shi lokacin hunturu ba ya tare wannan zare. Takunkumin asibiti ma haka. Takunkumin da ke tare shi shi ne mai alamar P3 ko P100, kuma sai ya kama fuska sosai. Yana da tsada, gaskiya ne. Amma haƙƙin mai gida ne ko ɗan kwangila ya saya wa ma'aikacinsa, domin bai dace a biya mutum kuɗin wuni ɗaya a bar shi da cutar da za ta tashi bayan shekara talatin ba. Leburan da ya san wannan yana da bakin magana. Yana iya cewa, "Ranka ya daɗe, a kawo ruwa da leda da takunkumi tukuna, sannan mu hau."

Uwargida, ga naki. An sha samun matan da ba su taɓa zuwa wurin aiki ba amma suka kamu da cutar, saboda kakkaɓe tufafin mazajensu kafin wanki. Kayan da aka yi wannan aiki da su, a tuɓe su a can, a sa a leda, mai su ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Tsofaffin kaya ya kamata a sa, waɗanda za a yar tare da allon.

Gutsattsarin kuma kada a cike ramin hanya da su, mota za ta niƙe su iska ta kwasa. Kada a yi akurkin kaji ko murfin tukunya da su. Kada a jefa su a wuta, suna fashewa su watsu, zaren kuwa ba ya ƙonewa. A tuntuɓi duba-gari na ƙaramar hukuma kan inda za a binne su da zurfi, nesa da gona da rijiya. Bakanike ma ya daina hure ƙurar birki da baki ko da iskar inji, ya goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Wanda ya daɗe yana wannan sana'a, ya ga numfashinsa na gajarta, ko busasshen tari ya ƙi tafiya, ko ƙirji na ciwo, ya je asibiti. Alamun sun yi kama da na tarin fuka, sai gwaji ke rarrabewa. Ya gaya wa likita irin aikin da ya yi da shekarun da ya yi yana yinsa, ko da ba a tambaye shi ba. In yana shan taba ya daina, domin taba da asbesto idan suka haɗu, haɗarin ciwon dajin huhu ninkuwa yake yi.

Aikin gida

Kowa ya zo da ɗan dutse daga unguwarsu ko gonarsu, ya rubuta sunan wurin a takarda, za mu gwada su da lemun tsami a zama mai zuwa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa, ya rubuta jimla uku: da me aka yi shi, wace shekara aka sa shi, akwai inda ya fashe? Dubawa kawai za a yi, kada a kawo gutsuren silin aji.