Yadda ake kama magen unguwa a kai ta fidiya

Kar ka soma da kamu, fara sa mata kifin gwangwani wuri daya kullum bayan magariba kamar kwana 3, sai ka tura kwanon cikin keji. Tana shiga ka rufe, ka lulluba kejin da tsohon zani, nan take za ta daina fizge-fizge, kuma don Allah banda kamu da hannu, muzurun layinmu a Tudun Wada ya yage min yatsa. Ranar aiki kar ta ci komai tun dare. Kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, a hada mata da allurar haukan kare. In ta warware ka mayar da ita inda ka dauko, in tana da 'ya'ya kuma ka nema musu gidan masu tausayi.