Yadda Ake Neman Izinin Tara Shara a Filin da Aka Cike a Gaɓar Tekun Legas

Mai son kafa wurin tara shara a filin da aka cike da yashi, kamar wasu sassan Lekki, ya fara da gwajin ƙasa, domin irin wannan fili yana lotsawa a hankali, kuma ruwan ƙarƙashinsa na kusa, har ruwan da ke tsatsowa daga shara kan gurɓata shi. A ganina, bai kamata a yi wa wannan mataki ƙwauron kuɗi ba.

Daga nan sai ya miƙa rahoton tasirin aikin ga muhalli ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, bisa dokar 1992, inda za a baje shi ga jama'a na kwanakin aiki 21. Bayan an amince, ya nemi izinin gini daga LASPPPA, hukumar ba da izinin gine-gine ta Jihar Legas, da lasisin LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar.