Yadda Ake Neman Hukumar Birni Ta Dasa Sabuwar Bishiya a Gurbin Wadda Aka Sare

A mafi yawan birane, ɗan siririn filin da ke bakin titi mallakar hukuma ne ko da a ƙofar gidanka yake, saboda haka kada ka sayo dashe ka kafa ba tare da izini ba. Ka shigar da buƙata a sashen kula da bishiyoyi na birnin. A Toronto ta Kanada, alal misali, lamba 311 ake kira ko a cike takarda a intanet, kuma kyauta ake yin dashen. Ka bayyana adireshin, ka faɗi ko kututturen yana nan, sannan ka adana lambar buƙatar domin bin sawu.

Kututture shi ne ya fi kawo jinkiri, domin sai an zo da injin niƙe shi kafin a yi batun dashe. Daga nan jami'i zai duba wurin: bututun ruwa da na iskar gas a ƙasa, wayoyin lantarki a sama, da tazarar da ke tsakanin ramin da mashigar mota ko mahaɗar titi. Wani lokaci akan gusa da ramin gaba kaɗan.

Kana iya faɗin irin bishiyar da kake so, amma hukuma ce ke yanke hukunci, kuma a ganina daidai ne. Tun da aka gano wani ƙwaro mai huda ɓawon itace a jihar Michigan ta Amurka a 2002, wanda ya hallaka miliyoyin bishiyoyi 'yan dangi ɗaya, birane suka ƙara ƙaimi wajen cuɗanya iri daban-daban, don kada annoba guda ta share titi baki ɗaya. Ƙarƙashin waya kuwa gajeriyar bishiya ake sawa.

A ƙasashe masu sanyi ana dashe ne kafin shigowar zafi ko bayan wucewarsa, don haka jiran yakan kai shekara ko fiye.

Babban aikinka yana farawa ne ranar da 'yan kwangila suka kwashe kayansu. A shekaru biyun farko ka riƙa ba ta ruwa kamar lita 60 zuwa 75 kowane mako a lokacin zafi, a hankali, yadda zai nutse har saiwa maimakon ya malale a kan kwalta. Ka baza ɓarɓashin itace kewaye da gindin, amma kada ya taɓa jikinta, domin danshi yana ruɓar da ɓawo. Idan ta bushe duk da haka, ka sanar da wuri, tun wa'adin da ɗan kwangila ya ɗauka na sauya ta bai ƙare ba.