Yadda za ka saki ɗakin haya a Abijan ka kamo hanyar Damagaram da kuɗinka a aljihu

Da an ce damina ta kusa, ko sallar layya ta matso, sai ka ga ƴan ci-ranin Damagaram da ke Abijan sun fara ɗaure kaya. Tsofaffin hannu sun san abin da suke yi, ba da su nake ba. Da sabon shiga nake, wanda ya yi shekara biyu ko uku a Ajame ko Abobo ko Yopugon, yanzu yana son ya koma gida, ko ya matsa gaba zuwa Lome ko Akara neman sa'a. Yawancinsu kuɗin mota kawai suke lissafawa. Alhali babbar asara tana faruwa tun mutum bai taka tasha ba, a kosiyon (kuɗin ajiyar da ake ba mai gida ranar kama ɗaki) da aka bar masa, da kayan ɗakin da aka sayar a wulaƙance, da adashen da aka bari rabi da rabi.

Da farko, ka raba rana biyu

Ranar ba da makulli daban, ranar shiga mota daban, kuma a samu aƙalla mako biyu tsakaninsu. Wannan doka ce a wajena. Kwanakin nan ka yi su a ɗakin wani ɗan gari, ka riƙa sa hannu a kuɗin cefane. Kada ka yanki tikiti sai kosiyonka ya shigo hannunka. In da hali kuma, ka kauce wa makon da ke gaban sallah, domin kuɗin mota yana tashi, na kaya ma haka, kuma kowa gaggawa yake, ba mai saurarenka.

Na biyu, kosiyo

Nan ne ake cin mutane, saboda haka zan daɗe a kansa.

Tun 2018 dokar hayar gida ta Kodebuwa ta ce mai gida ba zai karɓi fiye da kuɗin wata biyu na gaba da kosiyon wata biyu ba. Abin da ka ba dillali ya tafi, kada ka sa rai da shi. Kuɗin gaba ka riga ka zauna a kansa. Amma kosiyo ajiya ce, naka ne, sai dai a cire kuɗin ɓarnar da ka yi da bashin da ka bari. A ce ɗakinka jika talatin ne a wata, to jika sittin ɗinka ke hannun mutumin nan. Ka auna da kanka buhun hatsi nawa ke nan a kasuwar Dole ta Damagaram.

Fara da nemo rasit ɗin ranar da ka shiga, ka duba sunan wa ke kai. Ɗakunan mutanenmu da yawa gadonsu ake yi. Wani ɗan Magariya ya kama ɗaki shekaru da suka wuce, ya bar wa ƙanensa, ƙanen ya bar wa abokinsa, kai kuma ka biya abokin ka shiga. A idon mai gida, kai ba kai ka ba shi kosiyo ba. In haka lamarinka yake, tun yanzu ka nemi mai sunan, ko ta waya ce, ya yi magana da mai gida a gaban shaida. In ka bari sai ranar tashi, za a ce maka a kira mai sunan ya zo da kansa, alhali yana can Magariya yana noma.

Sai sanarwa. Duba takardar yarjejeniya ka ga wata nawa aka ce a sanar kafin tashi. In babu takarda, ni wata uku nake cewa a bayar. Kuma a rubuce. Ka sami wanda ya iya Faransanci ya rubuta maka layi huɗu, kwafi biyu, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu a naka. Maganar baka a bakin ƙofa, ranar biya za a ce ba a yi ta ba.

Akwai wani yaro ɗan Mirriya da na ga yadda aka yi da shi. Ya yanki tikitin ranar Asabar, ya je ranar Laraba da murnarsa ya gaya wa mai gida, har da nuna masa tikitin. Mutumin ya shigo ɗaki, ya shafa bango, ya nuna inda hayaƙin risho ya yi baƙi, ya murɗa famfo, ya ce zai kira mai fenti ya yi lissafi, a dawo ranar Litinin. Yaron ya wuni Alhamis da Juma'a a kan benci a ƙofar gidan, jakarsa tsakanin ƙafafunsa. Da yammacin Juma'a aka miƙa masa abin da bai kai rabi ba, ya karɓa ya yi godiya, don ba yadda zai yi. Mai gidan bai yi wani sihiri ba, ranar motar kawai ya sani. Shi ya sa ranar ba da makulli kaɗai ake faɗa masa, ranar tafiya ba ruwansa da ita.

Kafin ya zo duba ɗaki, ka riga shi. Gwangwanin fenti mai arha da burushi, ku yi da abokinka da yamma ɗaya. Ka toshe ramukan ƙusa, ka canja ƙwan fitilar da ya mutu da kwaɗon da ya lalace. Abin da za ka kashe ba zai kai abin da mai fentin mai gida zai rubuta ba, don shi da wanda ya kira shi bakinsu ɗaya. Ka ɗauki hoton bango da ƙofa da mita da wayarka. Takardun wuta na CIE da na ruwa na SODECI ka biya na ƙarshe ka riƙe shaida. In gidan yawa ne, mita ɗaya ake raba kuɗinta, ka zauna da mai tara kuɗin ku yi lissafi har ranar fitarka, ya faɗa a gaban mai gida cewa ba a binka.

Wasu suna daina biyan haya wata biyun ƙarshe, wai su cinye kosiyon. In mai gida ya yarda kuma ya rubuta, madalla, ka huta. In bai yarda ba ka yi gaban kanka, rigima ce, kai kuma baƙo ne, kuma ɗan'uwanka da zai nemi ɗaki a gidan bayanka shi zai kwasa.

Hanyar da na fi so ita ce ka kawo magaji. Kullum akwai ɗan gari da ke neman ɗaki. Ka kai shi wurin mai gida, ya biya ka kosiyon hannu da hannu a gabansa, a yaga tsohon rasit a rubuta sabo da sunansa. Mai gida bai fitar da ko dala ba, ɗakinsa bai kwana ba kowa ba, shi ya sa ba kasafai yake ƙi ba. Shi ma sabon ya tsira daga kuɗin dillali. In abin ya cije, ka tafi da dattijo daga cikin shugabannin ƴan Nijar na unguwar. Ka ce masa, "Baba, don Allah a raka ni a yi maganar nan." Zuwan mai furfura yana sauya yadda ake amsa magana.

Na uku, kayan ɗaki da bashi

Katifa, fanka, talabijin, tukunyar gas, duk a sayar. Kada ka ce za ka kai katifa Damagaram, kuɗin ɗaukarta ya isa sayen wata. Ka fara sa su a kasuwa wata guda kafin tashi, manya tukuna, ka koma kwana a tabarma. Mai saye in ya ji gobe za ka tafi, shi zai yanka farashi. In ka samu magajin ɗaki, ku yi cinikin kayan gaba ɗaya, ko da ka ɗan sassauta masa. Kuma kuɗi hannu. "Zan turo maka in ka isa" ba ciniki ba ne, kyauta ce ka yi.

Adashe kuwa, in ka riga ka kwasa, ka cika zubin da ya rage kafin ka tafi, ko ka bar wanda zai riƙa zuba maka da sanin uwar adashe. In ba ka kwasa ba, ka roƙi a musanya maka layi da wani tun da wuri. Mai shago da mai abinci da ke binka, ka sallame su. Abijan ba ta da nisa da unguwannin Zango da Birni na Damagaram in ana maganar bashi, labari yana riga mutum isa gida.

Na huɗu, takardu

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairu 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta na ƴan ƙasashen nan uku har sai an sanar da wani abu. Abin da ya rage gare ka shi ne ka duba ko naka bai mutu ba. In ya mutu ko ya ɓata, ofishin jakadancin Nijar da ke Abijan za ka nufa tun da sauran lokaci, a yi maka takardar wucewa.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ne abin da aka fi tatsar mutane a kansa a iyaka. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, saboda haka tsohon katinka yana aiki. In ba ka da shi, ana yi a INHP, cibiyar kiwon lafiyar jama'a ta gwamnati da ke unguwar Tireshbil a Abijan. Ka yi na gaske, ka ɗauki hoton duk takardunka ka tura wa wani a gida.

Na biyar, hanya

Mutane sun saba cewa motar Yamai, kamar dole sai an bi ta can. Kai ɗan Damagaram ne. Daga Yamai zuwa gida wajen kilomita 900 ne, daga Kano kuwa wajen 240. Ka sa wannan a lissafinka.

Hanyar Burkina, ta Buwake da Bobo da Wagadugu, ita ce tsohuwar hanya, amma rashin tsaro a gabashin Burkina da yankin Tillaberi ya sa ba na ba kowa shawarar ta don neman arha. Saura bakin teku: Nowe da Elubo ka shiga Gana, Aflawo ka shiga Togo, Hilakonji ka shiga Benin. Daga Kwatano hanya ta rabu biyu. Ko ka yi arewa ta Paraku da Kandi zuwa Malanbil, ko ka wuce Seme ka shiga Legas, ka hau motar Kano daga wajen su Agege, sannan Daura, Kwangwalam, Matamaye, gida.

Gadar Malanbil da Gaya, wadda ta haɗa Benin da Nijar, an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, matafiya suka koma tsallaka kogi da kwale-kwale, kai da kayanka kowa da kuɗinsa, ga masu dako gefe biyu. Ka tambayi wanda ya bi hanyar a makon da za ka tashi, kada ka dogara da labarin bara. In ta nan ka bi, ka sauka Doso ka nemi motar gabas. Shiga Yamai ka sake fitowa ƙarin kilomita 140 ne sau biyu, ga kwanan tasha a banza.

Tikiti ɗaya na kamfani ko yanka-yanka? Yanka-yanka ya fi arha a baki, amma duk saukar da za ka yi akwai ɗan dako, akwai kabu-kabu, akwai sabon cinikin kaya. Mai jaka ɗaya ya yi yanka-yanka. Mai buhuna, ko mai tafiya da iyali, ya yanki na kamfani, kuma ya tambayi kuɗin kaya kafin ya biya na kujera.

In ba gida za ka ba, Lome ko Akara ko Kwatano ka nufa, kada ka tashi sai ka san ɗakin da za ka kwana makon farko, kuma ka ware kuɗin komawa gida daban, ba a taɓa shi ko da yunwa.

Na shida, kuɗi da sauran tarkace

Sefar Abijan ita ce ta Lome da Kwatano da Damagaram, ba canji. Gana ce ke da sidi, Najeriya naira. Mai nufin Kamaru ko Chadi ya sani tasu sefar daban ce. Babban kuɗinka ka tura gida ta kamfanin aika kuɗi da ke da reshe a Damagaram, da sunanka, ba da sunan wani ba, in ba haka ba kafin ka iso an fara rabo. Ka riƙe na hanya kawai, ka raba shi wuri uku, ƙananan takardu a aljihun gaba don shingaye. Kada ka zaro damin kuɗi a gaban jami'i. A iyaka ka canja kaɗan, na ruwa da abinci, don canjin bakin iyaka ba ya da daɗi. Mai bi ta Kano ya bari sai Wapa, kasuwar ƴan canji.

Tsaraba a ƙarshe ake saye, da abin da ya rage. In ta Kano za ka bi, Kantin Kwari na jiranka, ba dalilin jan atamfa ta iyaka huɗu kana yi wa ƴan duwan bayani. Turmi ɗaya ko biyu na Uniwax don inna da uwargida ya isa a san daga Abijan kake.

Saƙon mutane kuma, duk wanda ya kawo ƙulli ya kwance shi a gabanka. In ya ce, "Haba yaya, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce ka yarda, amma a kwance. Ƙwaya ake kamawa a hanyar nan, kuma wanda aka samu da jaka shi ake tsarewa.

Guziri: gari, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, gorar ruwa. Ka kwashe abin da ke cikin Wave ko Orange Money ɗinka kafin Nowe. Layinka na Nijar in ya daɗe ba a sa shi ba wataƙila an rufe shi, don haka ka rubuta lambar mutum biyu na gida a takarda ka sa cikin fasfo.