Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Inji Daga Katakon Balsa

Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya riga ya san rabin wannan aikin, domin balsa katako ne mai laushi da rashin nauyi kamar ɓargon karan dawa, reza ma tana yanka shi. Akasarinsa daga ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka ake fitar da shi. Kamfanonin da ke yin ƙananan jirage suna yanka shi gunduwa-gunduwa, su zuba a kwali tare da babban zane mai girman jirgin daidai wa daida, su bar maka haɗi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, a kan tebur ake yanke hukuncin yadda jirgi zai tashi. Wanda aka haɗa a miƙe, ba nauyi, zai tashi lafiya ko da injinsa tsoho ne. Wanda fiffikensa ya murɗe kuwa, babu rimot mai tsadar da zai cece shi.

Zaɓen jirgi da kayan aiki

Kada ka fara da jirgin yaƙi don ya yi maka kyau a hoto. Nemi na koyo, wanda fiffikensa ke saman gangar jiki, ƙasan fiffiken a shafe, gefunansa biyu kuma sun ɗan ɗaga sama. Irin wannan da kansa yake daidaituwa a iska idan ka saki sandar rimot. Sig Kadet LT-40 sananne ne a wannan fanni, faɗin fiffikensa ya kai wajen santimita 178, kuma ana sa masa inji mai lamba .40 ko .46, wato mai girman sisi (cc) 6.5 ko 7.5. Injinan kamfanin O.S. na Japan suna da aminci da sauƙin saiti. Sai rimot mai tashoshi huɗu ko fiye a kan zangon 2.4 GHz, irin su Futaba ko FlySky, da 'yar na'urar karɓar saƙo da ke zama cikin jirgin, da sarbo huɗu (ƙananan motocin da ke jan totur da leɓuna, wato sassan fiffike da na wutsiya masu motsi da ke juya jirgi), da batir mai bolt 4.8 ko 6, da tanki mai cin mililita 250 zuwa 300, da farfela 10x6 ko 11x6.

Waɗannan duk odarsu ake yi daga waje. Kafin ka biya kuɗi, ka sani cewa tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta ce ba a tayar da jirgi marar matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Ka je ka tambayi abin da ya shafi irin jirginka, ka samu takarda a hannu tukuna.

Sauran kaya suna nan gida. A 'Yan Katako na Na'ibawa da ke Kano za ka samu falanki miƙaƙƙe na yin tebur da allon silin mai laushi wanda fil ke shiga. A Sabon Gari akwai reza, fil, sanfefa mai kaushi da mai laushi, rular ƙarfe, sikwaya, farin gam na kafintoci, sufa gulu da kuma gam mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke ɗaukar lokaci kafin ya kama. Ka ɗora rula a kan teburin ta kowace fuska, idan haske na wucewa ta ƙarƙashinta, teburin bai yi ba.

Wutsiya tukuna

Shimfiɗa zanen a kan allon silin, ka rufe shi da siririyar leda don kada gam ya manne masa. Fara da wutsiya saboda ita ce mafi sauƙi, a nan hannunka zai saba. Jera sandunan a kan layukan zanen, ka tokare su da fil ta gefe da gefe maimakon ka huda tsakiyarsu, don siririyar balsa tsagewa take. Kowace mahaɗa sai ta zauna cif tun ba a sa gam ba. Gam ba ya cike gurbin mugun yanka, nauyi kawai yake ƙarawa, kuma nauyin wutsiya shi ne mafi muni, domin tana nesa da tsakiya. Giram 10 a can baya zai sa ka ƙara ninkinsa uku ko huɗu na dalma a hanci.

Fiffike, inda aikin yake

A nan ne ake zama a natsu. Fiffike yana da dogayen sanduna biyu masu ƙarfi, ta sama da ta ƙasa, da ke bin tsawonsa, da haƙarƙari masu yawa da ke ba shi siffa, da katakon baki na gaba da na baya. Kafin komai, duba sandunan ɗaya bayan ɗaya. Idan biyu sun ɗan lanƙwashe, sa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa yadda lanƙwasarsu za ta saɓa, su gyara juna. Kafe sandar ƙasa a kan zane, ka jera haƙarƙarin bisa lambobinsu, kowanne ka tsayar da shi da sikwaya kafin ka ɗiga gam. Na tsakiya ne kaɗai ke ɗan kishingiɗa, kuma kwalin yana zuwa da ma'auninsa. Daga nan sai sandar sama, sai ƙananan falankan da ake mannawa tsakanin sandunan biyu. Zaren katakon waɗannan falanka a tsaye yake zama, kada ka kwantar da shi, don ta haka ne suke hana fiffike karyewa idan jirgi ya yi kwana mai tsanani.

Yanayin Kano yana da ta cewa a wannan mataki. Sufa gulu da danshin iska yake kamawa, saboda haka a lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙayau, za ka ga yana jinkiri. Ɗan hura masa numfashi yana taimakawa, amma ka kawar da idonka daga tururinsa. Farin gam kuma a lokacin zafi yana yin fata kafin ka gama jera katakon, don haka shafa kaɗan-kaɗan. Da damina balsa na shan danshi ta kumbura. Ni dai na fi son a bar kwalin a buɗe a ɗakin da za a yi aikin na wasu kwanaki kafin a fara, katakon ya saba da iskar wurin. Kuma kada ka ajiye shi a ƙasa ko jingine da bangon ƙasa, gara ba ta da sabo.

Kada ka cire rabin fiffike daga kan allo sai gam ya bushe sarai, gara ya kwana. Idan ka gama ɓangarorin biyu, haɗa su da ƙaƙƙarfan katakon tsakiya da gam mai haɗi biyu, ɗaya a kwance a tebur, ɗayan a ɗage bisa tsayin da zanen ya faɗa. Bayan ya kama, tsaya ta baya ka hango bakin fiffiken daga nesa kaɗan. Gefen dama da na hagu dole su zama ɗaya. Idan akwai murɗiya, yanzu ne lokacin gyara ta.

Gangar jiki da inji

Ɓangarorin gangar jiki biyu ne, na dama da na hagu, ka kula kada ka yi na gefe ɗaya sau biyu. Ja layi miƙaƙƙe a kan allo, ka haɗa su a kansa yadda hanci da wutsiya za su faɗa kan layin. Bangon da inji ke ɗaurewa a kai katako ne mai ƙarfi, kuma gam mai haɗi biyu kaɗai ake sa masa. Bayan haka, tsinka wannan gam da ɗan sifirit ka shafe bangon da ɗakin tanki gaba ɗaya. Man inji yana ratsa balsa, ya mayar da ita laushi har gam ya daina kama ta.

Yawancin zane suna sa inji ya ɗan sunkuya ƙasa, ya kuma ɗan karkata dama, wajen digiri 2. Ba kuskure ba ne, kada ka miƙar da shi. Tsakiyar tanki ya zo daidai da tsayin allurar kafireta (mai saita yawan man da ke shiga inji) ko ƙasa da ita kaɗan, a naɗe shi da soso don girgiza kada ta sa mai kumfa. Tiyo ɗaya na zuwa kafireta, ɗaya kuma na fitowa daga salansa yana tura iska cikin tanki. Batir da na'urar karɓar saƙo su ma a naɗe su da soso.

Guga da sutura

Manna sanfefa a jikin miƙaƙƙen katako ka goge ko'ina, ka ƙare da mai laushi, sannan ka kakkaɓe ƙurar tas. Ledar da ake rufe jirgi da ita, irin MonoKote ko Oracover, tana da gam a bayanta wanda zafi ke tayarwa, kuma tana tsukewa idan zafin ya ƙaru. Dutsen guga na lantarki mai maɓallin rage zafi zai yi, ka gwada a kan guntu tukuna. Fara da ƙasa kafin sama, daga baya zuwa gaba, don bakin leda ya riƙa kallon baya, iska da mai kada su ɗaga shi. Manne gefuna duka, sannan ka tsuke tsakiya, kana yin sama da ƙasan fiffike bi da bi don kada ya murɗe. Ka sa launin sama ya bambanta da na ƙasa sosai, misali fari da ja. A cikin hazon hunturu, wannan ne zai nuna maka ko jirgin a kife yake.

Ma'aunin nauyi

Ɗaura komai a mazauninsa, tanki babu mai. Sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike a daidai wurin da zanen ya nuna, galibi tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffike daga bakin gaba, kusa da babbar sanda. Jirgin ya tsaya a daidaice ko hancinsa ya ɗan sunkuya. Idan wutsiya ce ta rinjaya, kada ka kuskura ka tashe shi. Matsar da batir gaba, in bai isa ba ka ƙara dalma a hanci ka ɗaure ta da noti.

Daga nan kunna rimot ka tsaya a bayan jirgin. Ka tura sanda dama, leɓen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ka jawo ta baya, leɓen wutsiya na kwance ya ɗaga. Motsin wajen santimita 1 sama da ƙasa ya ishi mai koyo. Saita rimot ɗin yadda idan saƙo ya yanke, totur zai koma ƙasa da kansa.

Mai da tayar da inji

Wannan inji ba fetur yake sha ba. Mansa haɗin metanol ne da man zurma ko makamancinsa kashi 18 zuwa 20, wani lokaci da naitiro (sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi) kashi 5 zuwa 15. Ba a cika yarda a ɗauko shi ta jirgin sama ba saboda yana kamawa da wuta, don haka masu wannan sha'awa kan haɗa nasu: metanol tsantsa kashi 80, man zurma tatacce kashi 20. Metanol guba ne, shan kaɗan yana makantarwa ko ya kashe, kuma harshen wutarsa ba a cika ganinsa da rana ba. Kada ka taɓa zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo. Rubuta suna a jikin jarkar, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa, ka riƙa toshe ta sosai don yana zuƙar danshi. Wanda ya fi son fetur sai ya nemi inji irin DLE 20 da jirgi mafi girma, ya kuma canja tiyo, domin fetur na lalata tiyon silikon.

Sabon inji ana horar da shi a ƙasa. Wani ya riƙe jirgin ta baya, ka buɗe allurar mai wajen zagaye biyu, ka maƙala wa fulogi batirinsa mai bolt 1.2 zuwa 1.5, ka juya farfela da sanda mai roba ko da sitata, ban da yatsa. Farfelar nan tana wuce juyi 10,000 a minti, saboda haka duk saiti daga bayanta ake yi, kuma a naɗe hannun riga, mai babbar riga ya tuɓe ta. Ƙona tanki biyu ko uku da mai a wadace, yana hayaƙi. Sannan ka riƙa rufe allurar a hankali har ƙara ta kai ƙololuwa, ka sake buɗe ta kaɗan. Ɗaga hancin jirgin sama da cikakken totur. Idan ƙarar ta faɗi, mai ya yi masa kaɗan. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, bar shi da ɗan yalwar mai, don man ne ke sanyaya shi. Da hunturu kuma ɗaura 'yar matatar soso a bakin kafireta, ƙura na cinye cikin inji. Silo ya zauna yadda jirgin ba zai yi gaba da kansa ba.

Ranar tashi

Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a cikin gari yake, don haka unguwannin da ke kewaye da shi, da barikoki, da duk inda jama'a ke taruwa, ba wurin gwaji ba ne. Fita bayan gari ka samu fili shafaffe, babu turakun lantarki, ka nemi izinin mai unguwa da mai gonar. Yara za su taru, wannan tabbas ne, sai ka sa babba ɗaya ya tsayar da su a bayanka.

Ka fito da sassafe kafin iska ta tashi. Gwada nisan rimot da taku 30 a yanayin gwaji, inji a kashe, sannan yana aiki. Ɗaure fiffike da sababbin robobi 10 zuwa 12, don rana da mai suna cinye tsofaffi. Tashin farko kuwa ka miƙa wa wanda ya iya, shi zai daidaita jirgin a sama ya miƙo maka rimot, ko ku haɗa rimot biyu na malami da ɗalibi. Kafin ranar, yi atisaye a manhajar koyon tuƙi ta kwamfuta, musamman yadda dama da hagu ke juyewa idan jirgi ya fuskanto ka. Ana tashi ana sauka ne da fuskantar iska, kuma a sauko tun da sauran mai, wajen minti takwas ya isa.

Idan an gama, zuƙe sauran man tanki, ka tayar da inji ya ƙone wanda ya rage a cikinsa, ka ɗiga ɗan man keken ɗinki a kafireta ka jujjuya farfela don kada boris ya yi tsatsa. Goge maiƙon jikin leda da ruwan sabulu, ka duba notuna da maƙalan leɓuna ko girgiza ta kwance su. Kada ka bar jirgin cikin rufaffiyar mota a rana, zafin na sassauta leda ya murɗe fiffike. A gida, rataye shi a inuwa, nesa da ƙasa.